Sarrafa Abinci a Gida da Rage Kuɗin Cefane a Ƙasar Guri

Ƙaramar hukumar Guri, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja a jihar Jigawa, tana can gabashin jihar daf da iyaka da jihar Yobe, a cikin fadamar da Kogin Haɗeja ke malala ruwansa kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Ƙasa ce da ake nomawa damina da rani: gero da dawa da gyaɗa da riɗi da yakuwa a kan tudu, shinkafa a inda ruwa ke kwanciya, sannan alkama da masara da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa idan ruwa ya ja baya aka kafa injinan ban-ruwa, ga kuma kifi da nonon Fulani. Amma duk wanda ya tsaya gaban mai tireda a Guri ko Kadira ko Abunabo da hantsi, lokacin da yara ke zuwa aiken cefane, zai ga cewa kaso mai tsoka na kuɗin da ake miƙawa yana tafiya ne a kan kayan da masana'anta ta ƙunsa: tumatirin leda, da dunƙulen ɗanɗano, da taliyar leda, da man girki, da garin lemo. Manomin da ya sayar da kwandon tumatir da araha a watan Fabrairu shi ne yake sayen tumatirin leda da tsada a watan Yuli, kuma a tsakanin waɗannan farashi biyu ne wahalar da ya sha a fadama take zurarewa.

Al'amarin ya daɗe, sai dai ya fi fitowa fili tun daga shekarar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, sannan a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Hauhawar farashin abinci, wato yawan ƙarin da kuɗin abinci ya yi idan aka kwatanta da na shekarar da ta gabata, ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Abincin masana'anta ya sha wannan tashin ta fuska biyu, domin da yawa daga cikin kayan haɗinsa, kamar alkama da markaɗaɗɗen tumatir, da dala ake shigo da su, sannan tafiyarsa mai nisa ce. Babbar masana'antar Nestlé da ke yin Maggi tana Agbara, masana'antar Indomie ta farko a Nijeriya kuma a Ota aka kafa ta, duka a jihar Ogun, don haka katan ɗaya kafin ya iso Guri yakan bi ta hannun dila a kasuwar Singa ta Kano, ya bi ta hannun ɗan sari a Haɗeja, kowane hannu da ribarsa, kowace mota kuma da kuɗin manta.

Akwai wata tsadar da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta saye kaɗan-kaɗan. Gidan da ke sayen ƙullin mai da ƙullin sukari da leda ɗaya ta tumatir kowace safiya yana biyan kuɗin leda da ladan mai ƙullawa sau talatin a wata, kuma saboda abin da ke fita a kowace rana bai taka kara ya karya ba, maigida ba ya ganin jimillarsa. Matakin farko na rage kuɗin cefane, tun kafin a ɗora tukunya, shi ne a rubuta duk abin da aka saya a shago na tsawon wata ɗaya, a tattara, a ga kayan da suka fi cin kuɗi, domin a kansu ne ya kamata a zuba ƙarfi.

A cikin duk waɗannan kaya babu wanda lissafinsa ya fi na tumatir fitowa sarari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma aikin masana'anta bai wuce ta tafasa shi ta ƙafar da ruwan ba, inda kilo biyar zuwa shida na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na mai kauri. Ke nan ƙaramar ledar nan mai giram 70, ko da a ce tumatir ne tsantsa a cikinta, ba ta wuce tumatir huɗu ko biyar matsakaita ba, ga shi kuwa wasu daga cikin ledojin haɗi ne da aka ƙara wa sitaci da sukari da launi, kamar yadda ake iya karantawa a jikinsu. Abin da masana'anta ke ƙona mai ta yi, rana da iskar hunturu suna yin sa kyauta a ƙasar Haɗeja, kuma a daidai watannin da tumatir ke cika kasuwa har yana ruɓewa a kwando, wato daga Janairu zuwa Maris. Busasshen tumatirin da ake samu ta wannan hanya shi ake kira kauɗa, kuma an daɗe ana cinikinsa buhu-buhu a kasuwannin arewa.

Ƙorafin da matan gida ke yi a kan kauɗar kasuwa sananne ne: tana baƙanta miya, tana da ƙasa, wani lokacin ma tana da tsami. Dukkan waɗannan aibobi daga yadda ake shanya ta suke, domin sau da yawa ragowar da ta ƙi sayuwa ce ake tsagawa a baza a ƙasa ko a bakin hanya, inda ƙura da ƙuda da awaki ke bi ta kai. Kauɗar gida tana farawa ne da zaɓen tumatir nunanne mai ƙarfi, musamman irin nan mai tsoka da ƙarancin ruwa da 'yan kasuwa ke kira UTC, a wanke shi, a yanka shi falle-falle da kauri iri ɗaya don ya bushe tare, a jera shi a kan tabarma mai tsabta ko faranti bisa rumfa ko wani dandamali da ya ɗaga daga ƙasa, a lulluɓa masa tsohon gidan sauro da aka wanke ko yadi mai shara-shara. Da la'asar sakaliya a shigar da shi ɗaki, saboda raɓar fadama tana mayar da aikin yini guda baya, kuma ita ce ke jawo tsamin da ake kuka da shi. Bayan 'yan kwanaki, idan aka lanƙwasa falle ya karye maimakon ya lanƙwasu, ya bushe ke nan, sai a zuba shi a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga. Ranar amfani a jiƙa shi da ruwan zafi, a markaɗa shi da albasa da tattasai, kuma wanda aka shanya da wannan kulawa yakan riƙe jansa har cikin damina. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Shekarar 2016, lokacin da tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa har farashi ya ninka sau da yawa cikin 'yan makonni, ta isa ta nuna darajar irin wannan ajiya.

Wasu gidajen sun fi son dafa markaɗen ya yi kauri su ɗura a kwalba, kuma a nan akwai haɗarin da ya wajaba a faɗe shi ba tare da sassautawa ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna botulinam da ke rayuwa a inda babu iska, tana fitar da guba mai shanye jiki har ta kai ga kisa, kuma ba lallai ne abincin ya sauya wari ko launi ba. Abin da ke hana ta girma shi ne tsami, tumatir kuwa tsaminsa a kan gaɓa yake, da zarar an haɗa shi da albasa da tattasai sai tsamin ya ƙara raguwa. Wanda zai ɗura sai ya ɗura tumatir zalla, ya ƙara masa ruwan lemon tsami, ya nutsar da kwalaben cikin ruwa su tafasa fiye da rabin sa'a, ya kuma zubar da duk wadda murfinta ya kumbura. A ƙauyen da babu tsayayyar wutar lantarki, shanya ta fi ɗurawa aminci, ta kuma fi ta sauƙi, tunda ba ta cin itace.

Na biyu a cin kuɗin cefane shi ne dunƙule. Kamfanin da Julius Maggi ya kafa a ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a 1908, Nestlé ya mallaki kamfanin a 1947, kuma a yau da wuya a sami tukunyar miya a ƙasar Hausa da ba a jefa mata biyu ko uku ba. Ƙwayar dunƙule ɗaya kimanin giram 4 ce, kusan rabinta gishiri ne, sauran kuwa sitaci ne da mai da sukari da launi da sinadarin gulutamet, wanda shi ne ake sayarwa daban da sunan farin magi, shi ne kuma ke ba harshe ɗanɗano irin na nama. Dunƙule ba guba ba ne, wasu ma ana ƙara musu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma duk wanda ya saye shi ya sayi gishiri da farashin da ya ninka na gishiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba da kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, adadin da miya mai dunƙule da yawa ga gishiri a kai take saurin wucewa, a lokacin da hawan jini ke ƙaruwa a birni da ƙauye.

Wannan gulutamet ɗin yana nan a cikin daddawa tun kafin a san dunƙule. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ana dafa ta tsawon yini ko dare guda har ɓawonta ya yi laushi, a sussuka ta a turmi, a wanke a rege ɓawon, a sake ba ta ɗan tafasa, sannan a juye ta da zafinta a ƙwarya ko kwando a rufe da buhu ta kwana biyu ko uku. A cikin wannan rufin ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narkar da furotin ɗin kalwar, wato sinadarin gina jiki, su saki ɗanɗanon da ƙamshin da aka san daddawa da su, bayan haka sai a kirɓa, a mulmula, a shanya. Inda kalwa ta yi tsada akwai mafita biyu a ƙofar gida. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman zoɓo, wanda ake fitar da furensa har ƙasar Meziko, kuma gurguzu, wato ƙwayar da ke saura bayan an ɓare furen, da shi ake yin daddawar batso. Waken suya ma yana yin daddawa, kuma ya fi kalwa saurin dahuwa. Idan aka daka busasshiyar daddawa da kawunan kifin banda ko ƙananan busassun kifi, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar da kasuwar kifin Haɗeja take, aka haɗa da busasshiyar albasa da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, an sami garin ɗanɗano da cokali ɗaya ke ɗaukar tukunyar miyar kuka ko ta kuɓewa. Ba lallai ne a daina dunƙule baki ɗaya ba, domin harshen da ya saba ba ya sauyawa dare ɗaya, amma gidan da ya sauko daga huɗu zuwa ɗaya a kowace tukunya ya rage kashi uku cikin huɗu na wannan kuɗin, ya kuma ƙara wa miyarsa abin gina jiki.

Gyaɗa tana da fifikon cewa mudu ɗaya yana ba da abu fiye da ɗaya. Kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne, kuma idan aka soya ta sama-sama, aka murje, aka kai inji, aka dawo ana juya ƙullin ana yayyafa masa ruwan zafi, man yakan taso ya bar tunkuza, wadda ake murzawa a soya cikin man nata ta zama ƙuli-ƙuli, shi kuma a ci shi haka, ko a daka shi a yi yaji ko kwaɗon zogale da rama. Sai dai gyaɗa da masara suna da wani haɗari a ɓoye, wato aflatoksin, gubar da wata irin fumfuna ke bari a jikin ƙwayar da ba ta bushe sosai ba ko ta sha laima a ajiya. Wuta ba ta kashe wannan guba, tana lalata hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara, don haka tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta sauya launi, ko ta yi ɗaci, ba ƙwalisa ba ce, kuma babbar asara ce a sayi gyaɗa mai araha saboda ta lalace da sunan tattali.

Daga wannan gyaɗar ne kuma ake samun abin da ya fi kowanne amfani ga gida mai ƙananan yara, wato garin kunu mai haɗi. Garin jarirai na gwangwani ya fi ƙarfin yawancin gidaje, abin da ake maye gurbinsa da shi kuwa sau da yawa koko ne tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Haɗin da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a arewa maso gabas da sunan Tom Brown mai sauƙi ne: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a wanke kowanne, a shanya, a soya shi daban, musamman waken suyan da sai ya soyu sosai kafin cikin yaro ya iya narkar da shi, sannan a haɗa a niƙa a tankaɗe. Wannan kunu na yaron da ya cika wata shida ne, a ba shi tare da nonon uwa, ba a madadinsa ba. Madarar jarirai ba abin da ake haɗawa a gida ba ce ko kaɗan, yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura kuwa asibiti ne wurinsa.

A kan taliya hukuncin ya bambanta. Nijeriya tana shigo da mafi yawan alkamar da take ci, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a ƙauyen Kadume da ke kusa da Haɗeja a watan Nuwamba na 2023. Gidan da ya noma alkamarsa, ko ya saye ta a lokacin girbi wajen Maris da Afrilu, zai ci riba idan ya niƙa ya murza taliyar Hausa da injin hannu ya shanya a igiya, ko ya ɓarza ya yi dashishi, ko ya yi alkubus da funkaso. Wanda kuwa zai sayi fulawa a shago don ya murza, abin da zai rage ɗan kaɗan ne, wani lokacin ma bai kai ladan wahalar ba. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya a madadin lemon kwalba ba su buƙatar dogon bayani, in dai ruwan mai tsabta ne kuma ba a cika sukari ba.

Akwai abubuwan da barin na masana'anta a kansu kuskure ne. Tun daga 1993 doka ta wajabta sanya sinadarin ayodin a gishirin ci a Nijeriya, shi ne ke kare mutane daga maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, don haka gishirin leda mai ayodin ya cancanci kuɗinsa. Haka nan tun daga 2002 ake ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawar masana'anta, man gyaɗar gida kuwa ba shi da shi, wanda ya koma kansa sai ya cike giɓin da zogale da karas da kabewa da manja da mangwaro.

Lissafin ba ya cika sai an sanya abubuwa biyu da aka saba mantawa da su. Na farko makamashi ne: kalwar da za ta kwana a kan wuta tana cin itace mai yawa, kuma itace a wannan yanki ba kyauta ba ne, ko a aljihu ko a daji, ganin yadda sara ke cin itatuwan fadama har da kewayen dajin Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008. Yin aiki da yawa a lokaci guda, da amfani da kara da ƙaiƙayin shinkafa da murhu mai tattalin itace, su ne ke hana ribar ƙonewa a murhu. Na biyu shi ne ƙarfin mata. Dunƙule da tumatirin leda ba su sami karɓuwa a banza ba, sun sauƙaƙa wa macen da ke daka da ɗiban ruwa da raino da sana'arta ta cikin gida, kuma duk shawarar da za ta mayar mata da wannan aiki ba tare da an biya kuɗin inji ba, ba tare da samari sun ɗauko kwanduna sun taya yanka da shanya ba, ɗora nauyi ce a kan wadda nauyi ya riga ya yi wa yawa. Adalci shi ne abin da aka rage daga cefane ya zauna a hannun uwargida, ko ya zama jarin sana'arta.

Saura matsalar jari, wadda ita ce ta fi tsanani, domin mai ƙaramin ƙarfi da ke samun na yau ya ci yau ba shi da abin sayen kwando ko buhu a lokacin araha, shi ya sa shi ne ya fi kowa sayen tsada. A ƙasar Guri wannan ya haɗu da halin da ruwa ya jefa mutane: tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ambaliya irin ta 2020 da 2022 kuma ta shafe amfanin gona da rumbuna, har gidajen da a da suke sayarwa suka koma saye. Maganin da ke hannu shi ne wanda mata suka daɗe da sani, wato adashe. Gidaje biyar ko shida da suka tsara kwasarsu ta faɗo a lokacin kaka za su iya sayen buhun gyaɗa ko na waken suya tare, su biya inji sau ɗaya, su hura wuta ɗaya, su raba. Ajiyar kuma a yi ta a mazubi mai murfi, a ɗora a kan maratayi ko wani wuri mai tudu a cikin ɗaki, saboda laima da ruwan da ke iya shigowa da dare.

Kowane kaya da watansa: gyaɗa da gero da gurguzu daga Oktoba zuwa Disamba, tumatir da tattasai daga Janairu zuwa Maris, alkama da albasa a ƙarshen rani, kalwa da bazara. Magidancin da ya saba miƙa kuɗin cefane kowace safiya ya kamata ya zauna da iyalinsa tun kafin waɗannan watanni su kama, a ware wani abu daga kuɗin shinkafa ko na kifi a sayi kayan shekara, a fara da kauɗa da garin kunun yara, domin su biyun ne suka fi sauƙin yi, kuma su ne amfaninsu ya fi saurin bayyana a gida.